Kwamfuta ta tashi ta PXE, amma WinPE ya ce babu katin netwok

PXE hanya ce ta tayar da kwamfuta daga sabar ta netwok, WinPE kuma ƙaramin Windows ne na wucin gadi da ake tashi da shi don zuba cikakken Windows. Alamar matsalar ɗaya ce kusan ko'ina. An danna F12, kwamfuta ta karɓi lambar IP, ta sauke fayil ɗin tashi daga sabar, tambarin Windows ya bayyana, sai komai ya tsaya cak. Idan da MDT ake aiki, wato manhajar Microsoft ta zuba Windows a kwamfutoci da yawa, saƙo zai fito cewa an kasa haɗuwa da babbar foldar da ake ɗebo Windows daga cikinta (Deployment Share), a ƙasa kuma a rubuta cewa wata na'urar netwok ba ta da direba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya amfani da ita, tare da wani dogon layi mai farawa da PCI\VEN. Daga nan sai a fara canza kebul, a sake kunna suwic, a zargi sabar. Hujjar da ake kafawa ita ce: ai yanzu-yanzu ta sauke fayil ta wannan kebul ɗin, ta yaya za a ce babu direba?

Amsar tana cikin yadda aikin yake tafiya. Katin netwok ɗin guda ɗaya ne, amma masu amfani da shi uku ne, kuma kowanne da direbansa. Na farko shi ne BIOS ko UEFI na kwamfutar, wanda ya zo da ɗan ƙaramin direbansa tun daga kamfani. Shi ne ke neman IP daga DHCP, mai raba lambobin IP, ya jawo wdsnbp.com ko wdsmgfw.efi ta TFTP, hanyar sauke fayil daga sabar, sannan ya zuba boot.wim, fayil ɗin da ke ɗauke da WinPE, cikin RAM. Da zarar na biyu, wato WinPE, ya tashi, aikin na farko ya ƙare, kuma ba ya miƙa direbansa ga kowa. WinPE sai ya duba cikin jakar direbobinsa, in akwai direban da ya dace to, in babu shi ke nan. Na uku shi ne Windows ɗin da aka zuba a kan faifai, wanda zai tashi bayan sake kunnawa ta farko, shi ma da tasa jakar. Saboda haka nasarar PXE abu ɗaya kawai take tabbatarwa: kebul lafiya, katin da rai, DHCP yana amsawa. Ba ta ce komai a kan WinPE ba, balle Windows.

A Kano wannan matsala ta fi yawa saboda irin kayan da muke aiki da su. Makaranta ko cibiyar jarrabawar CBT mai kwamfutoci 250 ba kasafai take sayen iri ɗaya sabbi fil ba. Na hannu ake haɗowa daga Farm Centre da Beirut Road, wasu Dell, wasu HP, wasu Lenovo, wasu ma an canza musu babban allon ciki amma akwatin yana ɗauke da tsohon suna. OptiPlex 7010 yana da Intel 82579LM, 9020 yana da I217-LM, 7040 yana da I219-LM, shi kuwa 3050 Realtek ne. Duka baƙaƙe ne, duka an rubuta Dell a gabansu, amma direba ɗaya ba zai ishe su ba. Don haka kada ka yarda da sunan da ke jikin akwati. Lambar da katin ya faɗa da bakinsa ita ce abin dogaro.

Ka fara tabbatar da cewa direba ne

A cikin WinPE na MDT, F8 yana buɗe baƙin allon umarni. Idan boot.wim na faifan shigar da Windows ne, Shift da F10 ne. A Configuration Manager kuwa, wata manhajar Microsoft da ita ma ake zuba Windows da ita, F8 ba ya aiki sai an ba shi izini tun lokacin haɗa fayil ɗin tashi. Da allon ya buɗe, rubuta:

ipconfig /all

Idan babu wani katin Ethernet a jerin, taken kawai ya fito ya tsaya, to direba ne babu tantama. Idan katin ya fito amma an ce an cire kebul, duba kebul da ramin da ake soka shi. Ƙurar hunturu tana taruwa a ramin RJ45, kuma kan kebul da aka matse da hannu yakan saki waya ɗaya. Idan lambar da ta fito ta fara da 169.254, direba yana aiki, DHCP ne bai amsa da wuri ba. Wannan yakan faru a suwic mai tsarin Spanning Tree: duk lokacin da layin ya faɗi ya dawo, suwic yana riƙe ramin kusan daƙiƙa 30 kafin ya bar bayanai su wuce, kuma layin yana faɗuwa daidai lokacin da WinPE ke karɓar katin daga hannun UEFI. Maganinsa kunna PortFast a suwic na Cisco, ko abin da ya yi daidai da shi a wasu, a ramukan da kwamfutoci suke. Gwajinsa mai sauƙi ne: jira minti ɗaya, rubuta ipconfig /renew, in lamba ta zo to ka gano.

Akwai kuma wata da take rikita mutane. IP ya zo daidai, ana iya yi wa sabar ping, amma haɗuwa ta ƙi. Rubuta date da time ka gani. Yawancin kwamfutocin na hannu batirinsu na CR2032 ya mutu, agogo ya koma shekarun baya, shi kuwa Kerberos, tsarin tantance mai shiga sabar, ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5 a saitinsa na asali. Batiri ne za ka saya, ba direba ba.

Karanta lambar katin

In ka tabbatar direba ne, lambar da MDT ya nuna ita ce mabuɗi. Abin da ke bayan VEN kamfanin da ya ƙera guntun ne: 8086 Intel, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom. Abin da ke bayan DEV shi ne ainihin samfurin. 1502 shi ne 82579LM, 153A shi ne I217-LM, 8168 shi ne dangin Realtek RTL8111 da 8168, 8125 shi ne Realtek mai gudun 2.5, 15F3 shi ne Intel I225-V.

Inda ake faɗawa rami shi ne I219-LM. Sunan ɗaya ne, amma Intel ya yi ta sake shi tare da kowane sabon zubin injinsa, kowanne da lambarsa: akwai 156F, akwai 15B7, akwai 15BB, da wasu bayansu. Mutum zai rantse ya riga ya saka direban I219-LM, kuma gaskiya ya faɗa, amma tsoho ne wanda bai san 15BB ba. Shi ya sa kwamfutoci ashirin za su wuce lafiya, ta ashirin da ɗaya ta tsaya, alhali a takarda katinsu ɗaya.

Idan saƙon bai nuna lambar ba, ana iya zaƙulo ta daga rajista, domin duk katin Ethernet yana ɗauke da lambar aji 0200:

reg query HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Enum\PCI /s /f CC_0200 /d

Ko ka tashi kwamfutar da filash na Linux ka rubuta lspci -nn, lambobin za su fito a ƙarshen layin Ethernet.

Yanzu sai neman direban. Fayil ɗin da ya ƙare da exe ba shi da amfani ga WinPE ko MDT. Abin da ake buƙata fayilolin inf da sys da cat ne, kuma dole su kasance tare a folda ɗaya. Yawancin fakitin Intel da Realtek ana kwance su da 7-Zip. Dell yana fitar da fakitin WinPE na musamman a siffar cab, HP ma yana da nasa, kuma su ne suka fi kwanciyar hankali domin an riga an tace su zuwa netwok da faifai kawai. Bayan ka kwance, kada ka yi zato, ka tambayi fayilolin da kansu:

findstr /s /i /m "DEV_15BB" *.inf

Duk inf ɗin da sunansa ya fito ya san katin. In babu ko ɗaya, fakitin bai dace ba, kada ka ɓata lokaci a kansa. A fakitin Intel, dangin I217 zuwa I219 suna cikin fayil mai farawa da e1d, 82579 yana cikin e1c, I225 yana cikin e2f, kuma an raba su a foldoji kamar NDIS65 da NDIS68 gwargwadon zubin Windows.

Wannan rabuwar tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Buɗe inf ɗin da Notepad, duba sashen Manufacturer a sama. Za ka ga rubutu kamar NTamd64.10.0 sai ɗigogi sai wata lamba irin 17763. Ma'anarta direban ba zai yarda ya hau Windows ɗin da zubinsa bai kai wannan lambar ba. Rubuta ver a cikin WinPE ka ga naka: 17763 shi ne 1809, 19041 shi ne 2004, 22621 shi ne Windows 11 na 22H2, 26100 shi ne 24H2. WinPE yana bin zubin ADK da ka saka a sabar ne, wato kayan aikin Microsoft da ake gina WinPE da su, ba Windows ɗin da kake son zubawa ba. Kana iya zuba Windows 10 na 22H2 da WinPE na 1809, amma direban da za ka ba WinPE sai ya dace da 1809. Masu shekara da shekaru ba su taɓa ADK ɗinsu ba suna yawan gamuwa da wannan: direba yana ciki, lambar DEV tana ciki, amma WinPE ya ƙi kallonsa.

A wannan layin ne kuma ake ware Windows na tebur da Windows Server. Katunan Intel masu ƙarewa da V, irin I219-V da I225-V, ba a rubuta musu sashen Server a inf ba. Wanda ya mayar da kwamfutar gida ta zama sabar WDS, wato sashen Windows Server da ke raba fayil ɗin tashi ta PXE, zai ga katinta ya ƙi aiki tun kafin a fara maganar sauran. Saka wani katin PCIe na Intel da Server ya sani ya fi sauƙi da aminci a kan yi wa inf kwaskwarima, domin taɓa inf yana karya sa hannun kamfani.

Gwada a kwamfuta ɗaya kafin ka taɓa sabar

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne ceton lokaci. Sake gina boot.wim da loda shi yana cin mintuna masu yawa, kuma idan janareta ake ƙonawa, kowane zagaye kuɗi ne. Saka foldar direban a filash, soka a kwamfutar da ta tsaya, danna F8, nemo harafin filash ɗin, sannan:

drvload E:\net\e1d68x64.inf
wpeutil InitializeNetwork
ipconfig

In lambar IP ta bayyana, ka samu direban da ya dace. Koma saƙon MDT ka danna Retry, aikin zai ci gaba a kan wannan kwamfutar nan take. In drvload ya ce ya loda amma katin bai fito ba, buɗe X:\Windows\INF\setupapi.dev.log da Notepad ka nemi lambar DEV ɗin. A nan ake ganin ko direban bai dace ba ne, ko ya dace amma ya kasa tashi. Ga katunan Realtek, kamfanin yana fitar da iri biyu, mai NetAdapterCx na Windows 11 da mai NDIS na Windows 10 wanda inf ɗinsa rt640x64 ne. A WinPE na NDIS nake ba da shawarar a fara gwadawa.

Abin da drvload ya loda yana cikin RAM ne kawai, da an kashe kwamfuta ya tafi. Gwaji ne, gyaran yana sabar.

A MDT, yi folda ta daban a ƙarƙashin Out-of-Box Drivers, ka kira ta WinPE x64, ka shigo da direbobin netwok da na faifai kaɗai. Je Advanced Configuration ka ƙirƙiri Selection Profile da ya zaɓi wannan foldar ita kaɗai. A shafin Windows PE na saitin babbar foldar, zaɓi x64, shiga Drivers and Patches, ka ɗora wannan zaɓin. Barin sa a kan All Drivers kuskure ne: boot.wim yana kumbura, saukarsa ta TFTP tana jinkiri, kuma tsofaffi da sababbin direbobin kati ɗaya suna haɗuwa, WinPE ya zaɓi wanda ba ka so. Sannan yi Update Deployment Share ka zaɓi a sake gina komai daga tushe.

Ga inda aiki yake lalacewa ga mutane da yawa bayan sun yi komai daidai. MDT yana ajiye sabon fayil a foldar Boot da sunan LiteTouchPE_x64.wim, amma WDS yana riƙe da nasa kwafin daban, kuma ba ya sanin an yi sabo. Sai ka buɗe WDS, ka je Boot Images, ka danna dama a kan tsohon, ka zaɓi Replace Image, ka nuna masa sabon. In ba haka ba, kwamfutoci za su ci gaba da sauke tsohon, kai kuma kana ta zargin direban da bai ma isa gare su ba. Filash ɗin tashi da aka yi daga tsohon iso shi ma sai an sake shi.

Wanda ke aiki da WDS zalla ko filash mai autounattend.xml, fayil ɗin da ke sa shigar da Windows ta tafi da kanta, zai yi da DISM, umarnin gyara fayilolin wim:

dism /Mount-Wim /WimFile:C:\aiki\boot.wim /Index:2 /MountDir:C:\mount
dism /Image:C:\mount /Add-Driver /Driver:C:\net /Recurse
dism /Image:C:\mount /Get-Drivers
dism /Unmount-Wim /MountDir:C:\mount /Commit

Boot.wim na faifan Windows kashi biyu ne, kuma na 2 ne ke tashi ya gudanar da shigarwa. Wanda ya zuba direba a na 1 kaɗai bai yi komai ba. Na MDT kuwa kashi ɗaya ne. Kafin umarnin ƙarshe ka rufe duk tagar da ke buɗe a cikin C:\mount, in ba haka ba rufewa za ta gaza. Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da aikin, kada ka yarda da fayil ɗin: rubuta dism /Cleanup-Wim, ka ɗauko kwafin asali ka sake. Shi ya sa ake ajiye kwafi kafin a fara, kuma sabar ta cancanci UPS ko inbata ko da sauran ɗakin ba su da shi.

Abu biyu game da Windows 11. Microsoft ta daina barin a yi amfani da boot.wim na faifan Windows 11 kai tsaye a WDS, amma fayil ɗin tashi da MDT ya gina yana aiki. Sannan MDT, wanda zubinsa na ƙarshe 8456 ne, ba ya cikin abin da Microsoft ke goyon baya a hukumance don Windows 11. Sababbin ADK sun cire WinPE na x86, kuma rashinsa yana sa MDT ya faɗi idan aka buɗe shafin Windows PE. Ƙirƙirar foldar x86\WinPE_OCs, ko da babu komai ciki, a inda aka saka WinPE na ADK yana kawar da faɗuwar. Tunda tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, masu ɗakunan kwamfuta da yawa za su bi ta wannan hanyar.

Idan ta mutu bayan sake kunnawa

Wani lokaci WinPE ya yi aikinsa tsaf, an zuba Windows, kwamfuta ta sake tashi, ta shiga da kanta, sai ta tsaya tana neman sabar. Wannan jakar mai amfani na uku ce, wato Windows ɗin da aka zuba. Direban da ke cikin boot.wim ba ya bin Windows zuwa faifai. Buɗe Device Manager, za ka ga Ethernet Controller da alamar rawaya da lambar kuskure 28. Bayanin abin da ya faru yana C:\MININT\SMSOSD\OSDLOGS, a cikin ZTIDrivers.log da BDD.log.

Tsarin da ya fi dacewa da tarin kwamfutoci iri-iri shi ne a ba kowane samfuri foldarsa. A jerin matakan aikin, kafin Inject Drivers, ƙara matakin da zai saita DriverGroup001 zuwa Windows 10 x64\%Make%\%Model%, sannan a Inject Drivers ɗin zaɓi Nothing tare da umarnin a saka duk direbobin da ke cikin zaɓin. Amfaninsa shi ne kowace kwamfuta nata kaɗai take ɗauka. Illarsa kuma, in sunan folda ya saɓa da abin da kwamfutar ke faɗa ko da da harafi ɗaya, ba za ta samu komai ba, kuma MDT ba zai yi ƙorafi ba. Don haka a kowane sabon samfuri rubuta:

wmic computersystem get manufacturer,model

Ka kwafe abin da ya fito daidai yadda yake. Dell yana cewa Dell Inc. da ɗigonsa. Tsofaffin HP suna cewa Hewlett-Packard, sababbi suna cewa HP, don haka folda biyu za ka yi. Lenovo ba ya faɗin ThinkCentre a wannan gurbin, lambar samfuri yake bayarwa, kuma tana bambanta tsakanin kwamfutoci masu suna ɗaya. Sunan da ka sani yana fitowa ne da wmic csproduct get version. Waɗanda aka harhaɗa a shago ko aka canza musu allo sukan ce To Be Filled By O.E.M. ko Default string, sunan da alluna daban-daban suke tarayya a kansa. Irin waɗannan, ni a ganina, gara a yi musu folda guda mai direbobin netwok na Intel da Realtek, a bar Windows ya zaɓa ta lambar katin, sauran direbobi su biyo baya idan netwok ya samu.

Sauke fakitin direbobi na kowane samfuri yana cin data sosai, wasu sun haura gigabait ɗaya. Akwai hanya mai rahusa. Yawancin kwamfutocin na hannu suna zuwa da Windows mai aiki a cikinsu. Kafin ka goge ta farko a kowane samfuri, kwashe direbobinta:

dism /Online /Export-Driver /Destination:E:\direbobi\7040

Umarnin yana fitar da duk direban da ba na cikin Windows ba ne, kowanne a foldarsa da inf ɗinsa, a shirye don shigarwa MDT. Sai dai ka duba ko na netwok yana ciki. In Windows ɗin da ke kanta da nasa na ciki yake amfani, ba zai fito a jerin ba, kuma hakan alama ce cewa zubin Windows irin wannan ya riga ya san katin.

Sauran su ne ƙananan laftof marasa ramin kebul, da kwamfutocin tebur da tsawa ta ƙone musu kati lokacin damina. Waɗannan sai da adaftar USB. Masu guntun Realtek RTL8153 suna nuna VID_0BDA da PID_8153, masu ASIX AX88179 suna nuna VID_0B95 da PID_1790, kuma direbansu ma sai ya shiga jaka biyun, ta WinPE da ta Windows. Ba kowace adafta ce UEFI ke iya yin PXE da ita ba. In ta ƙi, tashi kwamfutar da filash mai iso na LiteTouch, WinPE zai ɗauki adaftar daga nan ya ci gaba ta netwok kamar kowa. Ka tuna lambar MAC, wato lambar shaidar katin netwok, tana jikin adaftar ne, ba jikin kwamfutar ba. Idan da MAC kake raba sunayen kwamfutoci a CustomSettings.ini ko ka keɓe lambobin IP a DHCP, duk wadda ka zuba da adafta ɗaya za ta fito da suna ɗaya, ta biyu ta ture ta farko daga domen. Ga irin waɗannan, gina sunan daga %SerialNumber%, ka tabbata bai wuce haruffa 15 ba.